Yadda Na Ƙona Burodi Ɗari Biyu Ban Taɓa Tanderu Ba

Jama'a, ranar Talatar nan da ta wuce na ƙona burodi ɗari biyu. Ni ɗin nan, mai gyaran agogo, wanda ko ruwan shayi aka ce in dafa sai uwargida ta tsaya a kaina. Ban kunna wuta ba, ban taɓa tanderu ba, ko fulawa ba ta shafi rigata ba. Da 'yar waya guda ɗaya na yi aikin. Tun ranar, duk inda na gifta a layinmu sai wani ya ɗaga hanci ya shinshini iska ya ce, "Malam, kamar ana ƙauri." Na yafe musu duniya da lahira. Amma wallahi ba ni kaɗai zan ɗauki kayan nan ba, akwai masu girma da za su kama mini gefe ɗaya.

Bari in faro muku daga tushe. Ina da 'ya, shekararta goma sha shida. Tsinke muke ce mata, don tun tana goye ba ta taɓa yin kumatu ba, ci kuwa kamar ta haɗa da kwanon. Bara ta ce ita burodi take so ta koya. Na ce mene ne abin koyo a burodi, ba fulawa da ruwa ba ne? Ta yi mini irin kallon da nake yi wa mai cewa agogo ai batir ne kawai. Muka kai ta gidan burodin Hajiya da ke bayan layinmu, in ta taso daga makaranta ta ci abinci ta wuce can.

Sai ga doka. Manyanmu, Allah ya ƙara musu lafiya da sanyin ofis, suka zauna suka yanke cewa duk wanda bai kai sha takwas ba, muddin ana zuwa makaranta, awa uku kacal zai yi aiki a yini, har Asabar da Lahadi. Kuma dole a rataya agogo a bangon duk wurin da yara ke aiki, inda mai dubawa zai gan shi da shigowarsa. Ku ji ni da kyau, ban ƙi dokar nan ba. Ranar da aka karanta ta a rediyo har tafi na yi a shago, maƙwabcina mai faci ya leƙo yana tambaya ko ƙungiyarmu ce ta ci ƙwallo. Na ga yaran da ake tatsa tun safe har yamma suna gyangyaɗi a tsaye. Doka ta yi. Matsalar guda ce, waɗanda suka rubuta ta ba su yi shawara da yis, abin da ke sa kwaɓi ya tashi, ba.

Ga yadda abin yake. Burodin Hajiya, daga buɗe buhu zuwa fitowa daga wuta, awa huɗu ne. A auna fulawa, a kwaɓa, a bar kwaɓin ya tashi, a yanka a ɗora a sikeli, a mulmula a sa a gwangwani, a sake barin sa ya tashi, sannan a gasa. Tsinke kan shiga ƙarfe biyu. Biyar na bugawa, daidai lokacin da burodinta ya kumbura ya cika gwangwani yana jiran wuta, sai ta cire rigar aiki ta kamo hanyar gida. Wata tara ke nan ana haka. Wata tara, jama'a, yarinya na kwaɓa burodi ba ta taɓa ganin fitowar nata ba! Na ma'aikatan safe take gani ana gasawa. Nata kuwa sai dai washegari mai tanderu ya ce mata, "Na jiya ya yi kyau," ko ya ce, "Na jiya ya ɗan zauna." Labarinsa kawai ake ba ta, kamar mai ɗa a makarantar kwana.

Da a haka aka tsaya da ba ku ji bakina ba. To amma Hajiya ta ce ranar Alhamis za ta gwada masu koyonta su uku, ta riƙe ɗaya ta koya masa aikin har ƙarshe, sauran biyun Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Gwajin kuwa shi ne kowa ya ɗauki kwaɓinsa da hannunsa tun daga buhu har ya fito da shi a gashe, ba mai taɓa masa. Sauran biyun sun haura sha takwas, doka ba ruwanta da su. Tsinke ce kaɗai awa ɗaya ta tokare wa hanya.

Na je na roƙi Hajiya ta bari sai an yi hutu. Ta karkaɗe fulawar hannunta ta ce, "Baban Tsinke, ni ba hukuma ba ce da zan yi ta ɗage abu. Kuma ba zan karya doka a zo a garƙame mini wuri ba. Ka je su ƙara mata awa ɗaya a rubuce, da hatimi, in gani da idona."

Da na ba mai faci labari ya ce, "Awa ɗaya tak? Haba, wannan ko a bakin ƙofa za su ba ka." Mai faci mutum ne mai kyautata wa hukuma zato. Har yau yana jiran kwaltar da aka yi mana alkawari zaɓe uku da suka wuce, alhali ramukan titin ne ke ciyar da iyalinsa.

Ranar Larabar wancan makon na sa hulata ta fita unguwa na nufi Hukumar Auna Awannin Yara. Gini hawa uku, fenti na ƙamshi, motoci bakwai sababbi fil a ƙarƙashin rumfa ko ledar kujerunsu ba a cire ba. Ina shiga sai ido ya faɗa kan abin sana'a. Agogunan bango! Na ƙirga goma sha tara daga ƙofa zuwa benen farko, manya-manya masu ruwan zinare, kowanne da sunan hukumar a fuskarsa. Babu biyu da suka yarda da juna, sha ɗaya kuma a tsaye suke cak. Na kasa haƙuri na ɗaga ɗaya na leƙa bayansa, ba batir. Masinja ya ce mini kwangilar agogo daban, kwangilar batir daban, ta batir ba ta fito ba tukuna. Sai da na zauna na sha ruwa kafin zuciyata ta dawo daidai.

Na isa ƙarfe takwas. Mai Girma Babban Ma'aunin Awanni ya iso sha ɗaya da kwata. Sha biyu da rabi ya shiga taro. Biyu saura ya fito ya shige mota, direba ya ja. Washegari haka. Ranar Juma'a ma haka, har da ragi. Ina zaune a bencin jira ina duba agogon hannuna, wanda shi dai ba ya ƙarya, sai abin ya faɗo mini, har na miƙe zumbur don murna. Dattijon nan mai furfura a gemu dokar yara yake bi! Awa uku, ba ya wucewa ko da minti guda. Wane shugabanci ya fi wannan? Bai tsaya cewa ku yi ba, shi ya fara yi a kansa, da shi da duk ma'aikatansa. Na faɗa wa masinja ina so in rubuta takardar yabo, ya ce in rage murya in koma in zauna.

Sai ranar Litinin Allah ya yi na shiga, bayan na wuce teburin Mai Girma Mai Riƙe da Biro da na Mai Girma Mataimakin Mai Nuna Ƙofa. Na durƙusa na kwashi gaisuwa na ce, "Ranka ya daɗe, awa ɗaya nake roƙo, ta rana ɗaya."

Ya ce, "Akwai fom na ƙarin awa. Ka cike, a miƙa wa kwamiti. Kwamiti na zama duk bayan wata uku."

"Ranka ya daɗe, yaushe ya yi zamansa na ƙarshe?"

"Ba a kafa shi ba tukuna."

To dama na zo da shirina, ni da mai faci muka kwana biyu muna gyara maganar. Na gyara murya na ce, "Allah ya ja zamaninka, a cikin awa huɗun nan, kusan awa biyu yarinyar ba ta yin komai. Kwaɓi ne ke tashi, ita tana zaune a benci tana kallon sa. In aka cire zaman, aikinta bai ma kai awa uku ba. Ai zama ba aiki ba ne."

Wayyo ni, da na san abin da bakina zai jawo da na haɗiye shi. Sakatariyar da ke yanke farce ta tsaya da abin a hannu. Wani da ke barci a kan tulin fayil ya ɗago kai. Mai Girma ya ajiye kofin shayinsa a hankali ya ce, "Me ka ce?"

"Na ce zama ba..."

"Malam, ka iya bakinka! Shekara talatin da ɗaya ina aikin nan. Zama aiki ne. Zama babban aiki ne. Kai ka taɓa zama tun hantsi har azahar ba ka yi komai ba, ka ji yadda baya ke yi?"

Duk ofishin suka amsa, "Ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe!" Har mai barcin ya ce ƙwarai, sannan ya mai da kansa kan fayil. Nan take Mai Girma ya sa aka buga takarda cewa duk zaman da aka yi a wurin aiki, aiki ne cikakke. Ya sa hannu, ya danna hatimi, ya miƙo mini. Shi ne abu na farko da na ga an fara an gama a ginin nan cikin minti biyar. Na tafi neman awa ɗaya, na dawo da takardar da ta ƙara ɗaure 'yata.

Na koma shago raina a jagule, agoguna na ta tik-tak a kaina kamar suna mini dariya. A nan ne Shaiɗan ya shigo ya zauna a bencin masu jira. Ku sani, agogon bangon Hajiya tsoho ne, gadon mahaifinta, irin mai abin lilo a ƙasa, kuma ni nake sa masa mai duk wata shida. Duk mai sana'armu ya san in ka ƙara wa lilon tsawo, agogo zai rage sauri. Hajiya kuma ba ta yarda a shiga wurin aiki da wayar salula, duk a aljihun tebur ake zubawa a kulle, tun da wani ya taɓa gasa tasa a cikin burodi. Ke nan agogon nan shi kaɗai ke da magana a gidan. In na sa ya riƙa cin awa huɗu kafin ya nuna uku, Tsinke ta gama gwajinta, doka kuma ta ga biyar daidai a bango.

Na raɗa wa mai faci. Ya ce, "Anya wannan ba sata ba ce?"

Na ce, "Me na sata?"

"Lokaci mana."

"Na wa? In na hukuma ne, agogunansu sha ɗaya ma ba su san ana yin sa ba."

Ya sosa ƙeya, sannan ya shiga ciki ya zaro mini waya ɗaya daga ƙafar wani tsohon keke. Ina so a rubuta wannan, don yanzu yana yawo yana cewa shi tun farko ya hana ni.

Da yake ni mutum ne mai tsari, na ce sai na gwada kafin Alhamis. Ranar Talata biyu saura kwata na shiga da 'yar jakata, na tarar Hajiya ta fita sayen sukari. Na ce wa mai tanderu mai zan sa wa agogo, ya ce bismillah. Na ɗaura wayar, na sauke lilon ƙasa, na jawo buhun fulawa biyu na jingina suka rufe. Agogo ya shiga sabuwar tafiya. Ya ce tik, sai ya tsaya ya yi tunani, sannan ya ce tak. Na fita na laɓe a jikin taga ina murmushi, ina jin duk garin nan ba mai kai irin nawa.

Abin da ban tuna ba, duk da shekara arba'in da na yi a sana'a, shi ne agogon nan ba 'yata kaɗai yake wa aiki ba. Mai tanderu ma da shi yake gashi. Minti talatin burodi ke yi a wuta. Minti talatin na sabon agogona kuwa, minti arba'in ne na sauran duniya. Ga shi bawan Allah mura ta toshe masa hanci tun Lahadi. Kwaɓin ma'aikatan safe, gwangwani ɗari biyu cur, ya zuba a tanderu ya rufe ya koma ya zauna yana fyace hanci.

Tsinke ce ta fara ji. Tana tsaka da auna fulawa ta ɗago ta ce, "Kawu, ƙauri!"

Ya kalli bango ya ce, "Saura minti biyar."

"Kawu, wallahi yana ƙonewa!"

"Ke yarinya, kwantar da hankalinki. Agogon nan bai taɓa ƙarya ba, babanki ne ke gyara shi."

Jama'a, ban taɓa jin yabon da ya soke ni irin wannan ba. Na buɗe baki in yi ihu, sai na tuna in na yi ihu za a tambaye ni ta yaya na sani. Ina cikin wannan shawara da zuciyata hayaƙi ya fara fitowa ta gefen ƙofar tanderu. Da aka buɗe, ga su nan a jere, baƙi ƙirin, kamar bulon da aka tsoma a kwalta. Mai tanderu ya ɗora hannu a ka yana salati. A daidai nan Hajiya ta dawo. Ita ba yarinya ba ce. Ta dubi agogon hannunta, ta dubi na bango, ta je ta ture buhunan nan da ƙafa, sai ga wayar keke na lilo hankalinta kwance. Ta juyo ta kalli taga. Ina nan tsaye, da sauran murmushin ma bai gama barin fuskata ba. Na ce wa ƙafafuna mu tafi, suka ce ba da su ba.

"Shigo, Malam," in ji ta. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Sai ta sa na kwashe ƙonannen burodin nan da hannuna, faranti bayan faranti, na riƙa kai shi bayan gida, mutanen layi sun yi cirko-cirko suna kallo. Da na gama ta ce, "Daga yau kada ƙafarka ta sake taka gidan nan. 'Yarka kuma..." Ta juya ta dubi Tsinke. Ta ce, "Alhamis na nan. Ban ga hannunta a wayar nan ba. Amma awa uku, awa uku ce."

A gida uwargida ta ajiye mini abinci ta ce in ci a hankali, ba ta ƙona shi ba. Tsinke ta dawo, ta wanke hannu, ta zo ta zauna a gabana. Na fi son ta yi kuka, amma ba ta yi ba.

Ta ce, "Baba, wa ya ce maka ina so a ƙara mini awa?"

Na ce, "Ai don ke na yi."

"Na sani, Baba. Amma in aka ƙara mini ɗaya ranar Alhamis, wata mai zuwa biyu za a nema. Ina da jarrabawa a gabana. Ina son burodin, ina son makarantar, ba zan saki ɗaya ba. Kai da bakinka ka ce mana shekararka sha ɗaya aka zaunar da kai a bencin gyara, ba ka sake ganin aji ba."

Gaskiya ta faɗa. Sha ɗaya nake, daga safe har a kunna fitila, ban kai ashirin ba na fara sa tabarau. Ba wanda ya rataya mini agogo a bango ya ce ya isa haka, tashi ka tafi. Yau an rataya wa 'yata, ni kuma na je da waya na lalata shi. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban ji ba ko lokacin da nake ɗauke da farantin ƙonannen burodi a gaban jama'a.

Na ce, "To yanzu ya za ki yi?"

Ta tashi ta buɗe firjinmu ta ɗauko wata robar bota. Uwargida ta ce, "Au, abin nan da na hana babanki zubarwa har sau uku?" Ta buɗe, sai ga kwaɓi ya taso ya yi lub. Ashe wata biyu ke nan tana kwaɓa ɗan kaɗan a gida tana sa shi a sanyi tana lura. Ta ce, "Yis ba ya mutuwa a sanyi, Baba, rage sauri kawai yake yi. In na kwaɓa ranar Laraba na sa a gwangwani, na jera a babban firjin Hajiya da ake ajiye bota, zai kwana yana tashi a hankali. Alhamis in fito da shi ya sha iska, in gasa. Ba wanda ya taɓa mini, kuma ban wuce awa uku ba ko rana ɗaya. Yau nake shirin roƙon Hajiya, sai hayaƙi ya riga ni."

Kun ji fa. Ni na tafi rage wa agogo sauri, ita ta rage wa kwaɓi. Na dubi uwargida na ce yarinyar nan ni ta gado. Ta ce in rufe baki in ci abinci.

Hajiya ta yarda, amma da sharaɗi. Firji ba zai ɗauke ko na minti ɗaya ba, wutar garinmu kuwa kun san halinta, tana leƙowa ne ta gaisa ta wuce. Dole janareto ya kwana yana aiki, janareto kuma sai da mai. Ta aiko a gaya mini, tunda ina son taimako, ga jarka. Ranar Laraba tun bakwai na safe nake layin gidan mai, ban samu ba sai ɗaya ta gota. Sau biyu ana rufe famfo a buɗe wa wata baƙar mota mai duhun gilashi ta ƙofar baya, mu kuma muna yi mata addu'ar sauka lafiya. Na tambayi na gabana ko akwai dokar da ta ƙayyade awannin da uba zai yi a layin mai. Ya ce in akwai, shi tun jiya ya karya ta. Na laluba aljihu na ji takardar Mai Girma, na ce ko ba komai yau na yi aiki cikakke, sai na tuna a tsaye nake, takardar kuma ba ta yi maganar tsayuwa ba.

Alhamis ta zo. Tunda an hana ni shiga, na kama ƙarfen taga tun biyu saura. Uwargida a gefena, mai faci a bayana, rabin layi a bayansa. An cire wayar daga agogo, kuma don a ƙara ƙona mini rai, abokin hamayyata na bakin kasuwa aka kira ya daidaita shi. Sai ga mota sabuwa ta tsaya. Ashe labarin hayaƙi ya kai hukuma, sun turo Mai Girma Ƙaramin Ma'aunin Awanni, da littafi a hammata da agogon tsere a wuya. Aka ba shi kujera ya zauna, wato ya kama aiki.

Ƙarfe biyu daidai Tsinke ta buɗe firji ta fito da gwangwanayenta ta jera a tebur. Sauran biyun tun sha biyu suke nasu kwaɓin, gumi na zuba. Ita kuwa sai ta riƙa zagayawa tana danna kwaɓin da yatsa tana kallon yadda yake dawowa. Uku da rabi ta ce ya yi. Ta zuba a tanderu da kanta, ta rufe, ta tsaya. Minti talatin ɗin nan, jama'a, na gyara agogo ya fi dubu, ban taɓa ganin wanda ya yi nawa irin wannan ba. Har na fara zargin abokin hamayyata.

Huɗu na bugawa ta buɗe. Zafi ya bugi fuskarta, ta sa doguwar sanda ta jawo farantin farko. Ga shi nan, ya tashi ya yi tozo, ja-ja-wur, ɓawonsa na 'yar ƙara yana hucewa, ƙamshi ya fito ta taga ya same mu a waje. Yarinyar nan ta tsaya kawai tana kallo. Ta kai bayan yatsa ta taɓa ɗaya, ta janye, ta sake taɓawa. Sai ta fashe da dariya, hawaye na bin kumatun da ba ta da su. Ni kuwa ban san lokacin da na fara nawa ba, kuka sosai, da sheshsheƙa, a gaban mutanen da ke ce mini Malam. Mai faci ya miƙo mini tsummansa na share fuska, sai daga baya uwargida ta gaya mini da baƙin mai na yi sauran yinin.

Hajiya ta karɓi burodin kowa. Ta ɓalla, ta shinshina, ta matsa, ta tauna. Na sauran biyun ma ya yi kyau, ba zan yi musu ƙarya ba, har ta ce za ta ba su takarda zuwa wani gidan burodi. Da ta zo kan na Tsinke ta daɗe tana taunawa, ta ƙara gutsura, ta ƙara. Sannan ta ce, "Gobe ƙarfe biyu. Ki zo ki nuna mini yadda kika yi da firjin nan." Uwargida ta rangaɗa guɗa, mai faci ya ɗaga ni sama, ni da ban fi shi nauyi da komai ba sai laifi.

Mai Girma Ƙaramin Ma'auni ya duba agogon wuyansa, awa biyu da minti goma. Ya duba littafin jiya, awa uku saura kwata. Ya rasa abin kamawa, ransa ya ɓaci. Can sai fuskarsa ta washe ya ce, "Tsaya tukuna. Kwaɓin nan da ya kwana yana tashi, a madadin wa ya yi aikin kwanan?" Ya ce wannan babbar magana ce, sai an kai ta sama. Ya ɗebi burodi huɗu a matsayin shaida, kafin ya kai mota shaida ɗaya ta ƙare.

Har yanzu dai ba a ɗage mini takunkumi ba. Don haka ranar Juma'a da safe na je shagon kan kwana da ake kawo burodin Hajiya, na ce a ba ni na 'yata. Mai shago ya ce, "Malam, duk gida ɗaya ne, leda ɗaya." Na ce uba ba ya ɓata ɗansa a cikin taro. Na ɗaga wannan na ajiye, na shinshina wancan, sai da na birkita masa kanta gaba ɗaya, na zaɓo wanda ya fi kowanne tozo na rungumo shi zuwa gida. Da Tsinke ta dawo da yamma na ajiye shi a gabanta ina washe baki na ce, "Kin gani? A cikin hamsin na gane shi."

Ta juya shi, ta dubi ƙasansa ta ce, "Baba, wannan na ma'aikatan safe ne."

Uwargida ta yi dariya har da riƙe bango. Tsinke ta bari sai da na gama shan kunya, sannan ta buɗe jakarta ta fito da wani naɗe a takarda. Ta ce, "Ga nawa. Na farantin farko ne, Hajiya ta ba ni. Tun jiya na ajiye maka, ina jira in huce."

A tsaye na cinye shi, ba shayi ba ruwa, ko ɓarɓashi ban bari ya faɗi ƙasa ba. Mai faci na can yana yaɗawa a layi wai na yi masa rowa bayan duk ɗawainiyar da ya yi. Ku gaya masa, wanda duk ke son ya ɗanɗana irin wannan burodi, ya je ya haifi tasa 'yar.